Yadda ake shirya yawon kwalekwale na kwana biyu a fadamar Haɗeja da Nguru

Mutumin Kano ko Dutse ko Damaturu yana iya tashi bayan sallar Juma'a, ya kwana a Haɗeja ko Nguru, ya wuni ranar Asabar cikin kwalekwale yana ratsa ƙasar makiyaya, ya koma gida Lahadi kafin magariba. Sai dai ya sani ba a gina wannan wuri don baƙi ba. Duk inda jirgi ya bi, ko dai gonar shinkafar wani ce, ko mashayar shanun wani, ko tafkin da wani ya kafa komarsa. Saboda haka yawancin aikin tafiyar a tudu ake gama shi, tun ba a taka jirgi ba.

Mataki na farko: ka san ruwan, sannan ka zaɓi wata

Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are, da zarar sun iso gabashin Jigawa, sai su faɗa ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayin yashi, su rarrabu rassa-rassa, su malala cikin fadamu da tafkuna, kafin su sake haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Ba kogi ɗaya miƙaƙƙe za ka bi ba, kuma reshen da aka bi bara ba lallai ne ya buɗe bana ba.

Dalilin haka yana can sama, a ƙasar Kano. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja ya daina halinsa na da, wato ya cika ya batse da damina, ya ƙafe da rani. Yanzu ana sakin ruwa har cikin rani, kuma ruwan da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta karkatar da ruwan zuwa inda ba a so, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye wa manoma hatsi. Ana sa injina su share ta, ta sake tsirowa. Kai matafiyi abin da ya shafe ka shi ne: taswirar wayarka za ta nuna maka shuɗin layi, ka je ka tarar da bangon kacala da ya fi ka tsayi.

Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa ya yi yawa, yana da ƙarfi, ya rufe kututture da shinge. A watannin ne aka fi samun kifewar jirage a Jigawa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Nuwamba da farkon Disamba ruwa ya fara ja, amma lokacin girbi ne, lokacin da garkunan da ke gangarowa daga arewa suke isowa amfanin gona bai gama shiga gida ba. A nan ne rikicin manoma da makiyaya ya fi tashi a yankunan Guri da Kirikasamma da Birniwa. Baƙo ba shi da abin yi a wurin a irin wannan lokaci. Daga Maris kuwa zafi ya sauko, ƙananan rassa sun zama taɓo.

Abin da ya rage shi ne daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu. An kwashe hatsi, shanu sun bazu cikin fadama suna cin ɗanyar ciyawa, ruwa ya kwanta, agwagin da suke gudo sanyin Turai sun cika tafkuna. A ganina Janairu ya fi kowane wata, in dai za ka iya jure sanyin asuba.

Mataki na biyu: ɓangare ɗaya ya isa

Kada ka ce za ka ga fadamar duka a kwana biyu. Akwai wurare uku da suka fi sauƙin shiga.

Na farko shi ne wajen Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ana zuwa ta Haɗeja. Shi ya fi dacewa da mutumin Kano, don daga Kano zuwa Haɗeja tafiyar awa uku ce zuwa huɗu. Daji ne mai kariya, yana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi gandun ƙasa. Na biyu shi ne Tafkin Nguru da mashigin Marma mai kawo masa ruwa, waɗanda suka riga kowane wuri a Nijeriya shiga wannan jeri, a shekarar 2000. Nan ruwa ya fi faɗi, masu fito sun fi yawa, kacala ma ta fi yawa. Na uku shi ne Dagona, a ƙasar Bade, wani yanki na gandun dajin Tafkin Chadi, inda marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya je kallon tsuntsaye a 1989. In tsuntsu ne ya kai ka, nan za ka nufa, amma sai da izinin ma'aikatan gandun, kuma su za su faɗa maka inda jirgi zai tsaya.

In shanu da ruga kake son gani, ka zaɓi ɗaya daga cikin biyun farko.

Mataki na uku: sallama kafin shiga

Da ɗan gari kan ci gari. Mako ɗaya ko biyu kafin tafiya, ka nemi mutumin yankin, ko abokin aiki ne, ko ɗan makarantarku, ko dillalin kifi a kasuwar Haɗeja, ya haɗa ka da mai unguwa ko bulaman ƙauyen da za ku hau jirgi. Tambaya uku za ka aika: ruwa yana biyuwa? Lafiya lau tsakanin manoma da makiyaya a makon nan? Wane mai fito suka yarda da shi? Ka sake bugo waya ranar Alhamis da dare, don labarin daji yana canzawa cikin kwana ɗaya. In aka ce maka a dakata, ka dakata, ko da ka riga ka sayi mai.

Ranar da kuka isa, gidan bulama za ku fara zuwa. A cire takalmi, a durƙusa, a ce "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, mun zo ganin ruwa, muna neman izini." A ajiye goro ko ɗan abin goro. Ka faɗi yawanku, inda kuke son kwana da lokacin dawowa. Shi zai aika wa sarkin ruwa, kuma sau da yawa shi ne ya san Arɗon da ke sauke a gefen da za ku bi. In akwai ofishin 'yan sanda a kan hanya, ku leƙa ku ba da sunayenku. Baƙin fuskoki huɗu da jakunkuna a cikin daji, ba wanda ya san da zuwansu, suna jawo zargin da ba ya ƙarewa da daɗi.

Mataki na huɗu: mai fito da jirginsa

Ko ka iya tuƙi, kada ka karɓi jirgi kai kaɗai. Ka ɗauki jirgi da mai shi. Mutumin da aka haifa a bakin wannan ruwa yana duban launinsa ya san zurfinsa, ya san ƙofar da aka sare cikin kacala, ya san komar wane ce a gaba. Ka nemi magidanci, ba yaro ba, kuma in da hali wanda yake jin Fulatanci ko ya saba ciniki da mutanen ruga.

Jiragen yankin yawanci na katako ne. A wuri marar zurfi da gwangwala ake tura su, a mai zurfi a koma filafili. Na fi son wannan a kan jirgin inji: inji yana korar tsuntsaye, yana firgita maruƙa a mashaya, farfelarsa tana tsinka komar mutane. Ka duba jirgin da idonka da rana. In ka ga ruwa kwance a ciki, ku kwashe shi tas, ku jira minti goma, ku ga ko ya dawo. Ɗan tsattsafe ba komai ba ne, kowane jirgin katako yana yi. Abin gudu shi ne wanda ake kwarfa ba hutawa. A tabbata akwai ƙwarya ko roba ta kwarfar ruwa, da filafili na biyu, da igiya.

Sai maganar lodi, wadda ita ce take kashe mutane. Bayan kowa ya zauna an sa kaya, bakin jirgin ya kasance ya ɗara ruwa da aƙalla taƙi guda. In bai kai ba, a ɗauki jirgi na biyu. Masu fito sun saba cika jirgi ranar kasuwa har ruwa yana lasar baki, za su ce maka "Alhaji, ba komai, haka muke yi kullum." Kai ne mai biya, ka ce a'a. Mutum uku zuwa huɗu da kayansu sun ishi matsakaicin jirgi.

Ku yi ciniki a gaban shaida, kuma ku fayyace: kuɗin wuni nawa ne, ya haɗa da kwana ko a'a, wa zai ciyar da mai fito (ku ne), kuma in a wani gari za ku sauka, wa zai biya wahalar mayar da jirgin gida, don shi zai turo shi yana gaba da ruwa. A ba da rabi da farko, rabi bayan an sauka. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Babu mai POS a ruga.

Mataki na biyar: kaya

Rigar ceto ga kowane mutum, har da mai fito, ku saya ko ku aro tun daga birni, don da wuya ku samu a bakin ruwa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare. Ruwan sha lita huɗu ga kowane mutum a wuni, da wata jarka daban ta alwala. Gidan sauro, tabarma, bargo mai kauri, rigar sanyi, malafa, man shafawa saboda hunturu, tocila, batirin cajin waya, ƙaramin risho, shayi da sukari, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, burodi. Akwatin magani mai bandeji da gishirin zawo da maganin zazzaɓi. Waya da takardu a ƙulle cikin leda biyu, sannan a sa a bokiti mai murfi. Buhu guda na shara.

Babbar riga da takalmi sau-ciki mai nauyi a bar su a mota. Mata su sa gajeren hijabi, rigar ceto a samansa, a ɗaure ta tamau, don dogon mayafi in ya jiƙe yana naɗe hannu da ƙafa.

Mataki na shida: ranar Asabar a kan ruwa

Ku kasance a bakin ruwa gari na wayewa. Da hunturu iska takan tashi da hantsi, ta tayar da igiyar ruwa a wurare masu faɗi irin Tafkin Nguru, don haka awannin farko su ne na tafiya. Kaya masu nauyi a tsakiya, a ƙasa. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a sunkuye, a taka tsakiyar jirgi, a zauna. Wanda ya zauna ya zauna ke nan. Ba a miƙewa don ɗaukar hoto, ba a canza wuri sai an kai gaɓa. A karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", a tura.

Kada ka lissafa fiye da kilomita 3 zuwa 4 a awa, kuma a cikin kacala ko rabin haka ba za ku yi ba. Tafiyar awa huɗu da safe, hutu a inuwa da azahar, awa biyu bayan la'asar ta yi sanyi, ya wadatar. Ku tsara ku isa masauki rana tana da sauran tsayi.

Za ku ga bado ya rufe ruwa, da kainuwa, da giyayya tsaye da ƙafarta cikin ruwa, da goruba a kan jigawa. Za ku ji kirinjijiya tana fito tun ba ku gan ta ba, ku ga dinya da zalɓe da balbela. Za ku wuce masunta, wani a jirgi, wani kwance a kan ƙatuwar gora yana iyo da ita. Ku yi musu sannu da aiki. In koma ko igiyar ƙugiyoyi ta gitta hanya, mai fito ya san yadda zai ɗaga ta ko ya kewaye. Kai kada ka sa hannu. Kada kuma ka jefa ƙugiya ba ka tambaya ba, don tafkuna da yawa suna da masu iko da su da ranar da ake buɗe su. In kifi kuke so, ku saya a hannun mai shi: tarwaɗa ko karfasa da aka fitar yanzu ta fi duk abin da kuka ɗauko daga gida.

Hannu da ƙafa su zauna cikin jirgi. Ruwan fadama mai kwanciya, mai ciyawa, gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Wannan ne amfanin jarkar alwala. In ta ƙare, a cika a rijiya ko famfon ƙauye, ko a tafasa na kogin. Salla kuma a gaɓa ake yin ta.

In Allah ya ƙaddara jirgi ya kife, a riƙe jikinsa, don katako ba ya nutsewa da wuri. A ƙirga mutane, a bar kaya su tafi.

Mataki na bakwai: in kun iso ga shanu

Wannan ne abin da ya kawo ku, kuma nan ne baƙo ya fi yin ɓarna ba da niyya ba.

Za ku ga fararen shanu irin na Bunaji, da jajayen Rahaji masu dogayen ƙahoni, da tumakin Uda, rabin jiki baƙi ko ja, rabi fari, wani lokaci har da raƙuma daga Nijar. In kun tarar garke yana shan ruwa ko yana haye kogi, a kafa gwangwala a tsaya nesa har na ƙarshe ya fita. Jirgin da ya ratsa tsakiyar garke yana raba saniya da ɗan maraƙinta, wasu su juya baya, yaron da ke kiwo ya wuni yana tattara su. Jajayen shanun nan ba sa sabo da baƙo, mai jego a cikinsu kuwa ba ta wasa.

Ba a faɗa wa ruga kai tsaye. Ku sauka a ɗan nesa, mai fito ya wuce gaba, ku tsaya inda za a hango ku, ku yi sallama da ƙarfi, ku jira. Karnuka za su riga mutane fitowa. Kada a gudu, kada a ɗauki dutse. In namiji ya fito, a gaisa a tsanake. Dattijo a ce masa Baffa, in shugaba ne a ce Arɗo, dattijuwa a ce Inna ko Goggo. "Jam waali" da safe, amsa "jam tan", godiya "mi yetti". Ko iyakar abin da ka iya ke nan, ka faɗa. Za a yi dariya, fuska ta saki. Ku zauna inda aka shimfiɗa muku. Maza ba sa zarcewa wajen bukkokin mata, matan tafiyarku ne za su iya shiga in an kira su.

Akwai tambayoyin da ba a yi. Ba a tambayar mutum shanunsa nawa, ba a nuna su da yatsa ana ƙirgawa. Ba a matsa wa uwa ko uba su faɗi sunan ɗan fari. Ba a tambayar inda za su tashi su koma da ranar tashi, don a zamanin satar shanu wannan tambaya ce ta ɗan leƙen asiri. Maganar rikici da manoma kuma, in su suka ɗauko ta, ka saurara, kada ka yanke hukunci, kuma kada ka kai ta ƙauye na gaba. Ka tambaye su ciyawar bana, da cutar da ke damun dabbobi, da sunayen launin shanu, za ka sha labari har ka gaji.

Hoto sai da izini, kowane mutum da nasa izinin, mata kuwa in aka ga alamar jinkiri a mayar da waya aljihu. Jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama a bar shi a gida, yana tarwatsa garke, yana kuma tayar da hankalin jami'an tsaro.

Tsarabar da ake jin daɗinta ita ce goro, ganyen shayi, sukari, gishiri ko kanwa. A miƙa wa babba, shi zai raba. Kada a raba ƙwayoyin magani. Nono da man shanu dukiyar mata ce, don haka in an kawo muku ƙwarya ta baƙunta ku karɓa ku gode, in kuma kuna son na guzuri ku saya a hannunsu, ku biya ba tare da dogon ciniki ba. Madarar da aka tatso yanzu a tafasa ta kafin a sha, saboda tarin fuka da cutar bakkale, mai sa shanu ɓari, suna bi ta ɗanyar madara.

Mataki na takwas: kwana

Mafi kwanciyar hankali shi ne a kwana a gefen ƙauye da sanin bulama, ko kusa da ruga in Arɗo ne ya nuna wurin. A zaɓi tudu, nesa da bakin ruwa. Kada a kwanta a kan burtali ko hanyar mashaya, ko da ka ga wurin fili ne mai kyau, don da asuba ta nan garke zai biyo. A jawo jirgi a ɗaure shi da kyau.

Wuta ita ce babban abin tsoro. Ciyawar da kake gani a bushe ita ce abincin dabbobi har damina, kuma da iskar hunturu tartsatsi ɗaya ya isa. A share ƙasa kewaye da murhu, a dafa, a kashe da ruwa, a bi da yashi. A sare reshe ɗanye a cikin gandu laifi ne. Da dare ba a tafiya ba tocila, da safe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama da kububuwa. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya. A hana ƙafar motsi, a nufi babban asibiti mafi kusa, Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa.

Duk leda da gwangwani su koma cikin buhun shara. Saniya tana haɗiye leda, ta taru a tumbinta, ta rame har ta mutu.

Mataki na tara: Lahadi da bayanta

Ku tashi da sassafe, ku yi sallama da masu masauki, ku kama hanyar komawa kafin iska ta tashi. In gaba da ruwa za ku yi, ku ƙara rabin lokacin da kuka ɓata jiya, don haka kada ku yi nisa sosai ranar Asabar. Ku sauka kafin azahar, ku cika wa mai fito kuɗinsa da ɗan ihsani, ku koma wurin bulama ku ce kun fito lafiya. Ka karɓi lambar mai fito, don shi zai gaya maka halin ruwa in za ka dawo baɗi. Ku bar garin da wuri yadda dare ba zai same ku a hanya ba.

In zazzaɓi ya kama wani cikin mako biyu da dawowa, ya je a gwada jininsa, ya faɗa wa likita inda ya kwana. Wanda kuma ya san ya shiga ruwan, ko da wanke ƙafa ne, ya je a duba fitsarinsa da bayan gidansa bayan wata biyu, ko bai ga jini ba. In an sami tsargiya, maganinta Praziquantel ne, kuma da nauyin jikin mutum ake auna yawan da zai sha.